Ranar da Bam Ya Riga Mulki Isowa

Safiyar Laraba ce, 5 ga Disambar 2001, ana tsakiyar azumi. Hamid Karzai yana cikin wani ɗaki a Shah Wali Kot, arewa da Kandahar, sai ƙasa ta girgiza, tagogi suka tarwatse. Jirgin Amurka ne ya sako bam mai nauyin kilo 900 a kan abokan tafiyar Karzai. Wai ashe wani soja ne ya canja batirin na'urar da ke nuna wurin hari, da ta sake kamawa sai ta nuna inda shi kansa yake tsaye, shi kuwa ya aika lambobin bai lura ba. Sojojin Amurka uku suka mutu, da mayaƙan Afganistan da dama. Karzai ya sha da ɗan rauni a fuska.

Ƙura ba ta gama lafawa ba wayarsa ta tauraron ɗan'adam ta yi ƙara. Lyse Doucet ce ta BBC, take shaida masa cewa an zaɓe shi shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya ta Afganistan.

A Jamus aka yi zaɓen, a otal ɗin Petersberg da ke kan dutse kusa da Bonn. Kwana tara ke nan Lakhdar Brahimi, dattijon Aljeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta wakilta, yana fama da ɓangarori huɗu, ana shan ruwa a koma tebur har dare ya raba. Mutanen tsohon sarki Zahir Shah sun fi son Abdul Satar Sirat, amma manyan ƙasashe suka nace sai ɗan ƙabilar Pashtun, wato Karzai. 'Yan Ƙawancen Arewa, da yake Kabul na hannunsu, suka kafe a kan yawan ma'aikatun da za su riƙe. Abin dariya, wanda ya warware wa Amurka wannan ƙulli shi ne Javad Zarif na Iran: ya ja Yunus Qanuni, jagoran wakilan Ƙawancen, gefe, suka yi ƙus-ƙus, Qanuni ya dawo ya sassauta. Bayan makonni kaɗan Shugaba Bush ya jera Iran cikin miyagun ƙasashe.

Ba a gayyaci Taliban ba, don a ganin masu taron an riga an gama da su. Amma a wannan rana dai, jini bai bushe a fuskar Karzai ba, wakilansu suka iso Shah Wali Kot don a daidaita yadda za su miƙa Kandahar. Amurka ba ta yarda a yi wa shugabansu Mulla Umar afuwa ba, sai 'yan Taliban suka watse cikin duwatsu da Pakistan. Daga baya Brahimi da bakinsa ya ce barin su a waje shi ne tushen kuskuren.

An rantsar da Karzai a 22 ga Disamba, na wata shida. Amma ya yi kusan shekara 13 a kan kujerar. Ranar 15 ga Agustan 2021 da Taliban suka sake shiga Kabul, yana gidansa a cikin birnin tare da 'ya'yansa mata.