Zaton Columbo Ba Hujja Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta kai ni bango. Da an yi sata ko kisa a unguwa, tun kafin 'yan sanda su iso wasu sun gama bincike har sun yanke hukunci. Wane ne, ba ka ga idonsa na rawa ba? Wane ya yi ta gumi da aka tambaye shi. Kafin la'asar hotonsa ya karaɗe Facebook. In ka ce a bi a hankali, sai wanda ya san tsofaffin finafinai ya ce maka ai haka Columbo ke yi, kallo ɗaya ya gane mai laifi.

Columbo dai wasan 'yan sanda ne na talabijin a Amurka, Peter Falk ne ke fitowa a matsayin jami'in binciken kisa na birnin Los Angeles, da yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari da tsohuwar Peugeot, ga shi ba ya son riƙe bindiga. Wani kashi da ake yawan tunawa shi ne "Murder by the Book", wanda tashar NBC ta nuna ranar 15 ga Satumba, 1971. Steven Bochco ya rubuta, Steven Spielberg ya ba da umarni yana ɗan shekara 24.

Labarin wasu marubuta biyu ne, Ken Franklin da Jim Ferris, masu fitar da littattafan bincike da sunansu tare, alhali Ferris kaɗai ke rubutun. Da Ferris ya ce zai ware, sai Franklin ya ja shi zuwa gidan hutunsa da ke wajen San Diego, ya sa shi ya kira matarsa ya ce mata yana ofis, sannan ya harbe shi tana ji ta waya. Burinsa kuɗin inshora. Daga baya ya kashe wata mai kanti da ta gan su tare, ta nemi ya saye bakinta. Columbo ya fara zarginsa ne a kan ƙananan abubuwa: me ya sa da ya ji mugun labari ya tuƙo mota maimakon ya hau jirgi? Wane irin mutum ne zai tarar da gawar abokinsa a ƙofar gida, ya kuma tsaya buɗe wasiƙu?

Masu kallo sun daɗe suna yabon wannan kashi saboda ɗaukar hoto da kuma yadda Jack Cassidy ya fito a Franklin, mugu mai fara'a. Amma da yawa daga cikin masoyan wasan suna ganin ƙarshensa ya yi rauni, kuma suna da gaskiya. Hujjar da Columbo ya kawo ita ce wata 'yar takarda da marigayin ya taɓa rubuta irin wannan dabarar kisa a kai, don amfanin littafi. Shi ke nan. Da Franklin ya ja bakinsa ya nemi lauya, da wuya alƙali ya ɗaure shi da wannan. Girman kai ne ya sa ya furta cewa dabarar tasa ce, marubucin wasan kuwa shi ya sa masa maganar a baki don lokaci ya ƙure.

Ga abin da masu koyi da Columbo suke mantawa. A wannan wasa, ana nuna maka kisan tun farko. Ka ga wanda ya harba da idonka, shi ya sa duk tambayar da Columbo ya yi take yi maka daɗi, duk in-inar mai laifi take zama shaida a wurinka. Zatonsa ba ya kuskure domin an riga an rubuta cewa ba zai kuskure ba. To kai da ke tsaye a bakin kasuwa, wa ya nuna maka farkon fim ɗin? Ba ka ga komai ba. Gumi da rawar murya da kauce wa ido, marar laifi ma yana yin su in taro ya zagaye shi. Wani in an yi masa mutuwa kuka yake yi, wani shiru, wani ya kama shara. Babu ɗaya da ke nuna laifi.

Ko amsa laifin da ake rufe fim da shi, a zahiri ba ya rufe magana. A 1989 aka kama yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 a New York kan fyaɗe da dukan wata mata a Central Park. Bayan dogon titsiye suka amsa, aka ɗaure su duk da cewa gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗayansu ba. Sai a 2002 ainihin wanda ya aikata ya fito ya faɗa, gwaji ya tabbatar, kotu ta soke hukuncin. A 2014 birnin ya amince ya biya su diyyar dala miliyan 41. Ƙuruciyarsu kuwa ta tafi. Wannan fa aikin 'yan sanda ne da masu gabatar da ƙara da kotu, balle ɗan majalisar bakin titi.

Gaskiya ne jinkirin shari'a da rashin yarda da hukuma suna da nasu kason. Amma ba su ba kowa lasisin zama alƙali ba, kuma mun ga inda abin ke kaiwa: matafiya 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025 bisa zargi kawai.

Don haka, jama'a, mu ji tsoron Allah. In kana da zargi, kai shi ofishin 'yan sanda ko wurin mai unguwa, ka rarrabe abin da ka gani da abin da aka gaya maka. Kada ka ɗora hoton kowa ko sunansa, kada ka tura wanda aka turo maka. Ko an wanke mutum daga baya, hoton na nan yana yawo. In abu ya faru, kada a tattake wurin, kada a taɓa kaya ana neman alama, a bar wa masu aikin. In ka ji an yi ihun ɓarawo, kada ka ɗauki dutse, ka nemi dattawa su shiga tsakani a kira hukuma. In ɗan'uwanka aka kama, ka sani sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar, wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa, kuma yana da haƙƙin ganin lauya. A shari'ar Musulunci ma, kawo hujja yana kan mai ƙara ne. Iyaye da malamai, in yara na kallon irin waɗannan finafinai, ku tambaye su: in da ba a nuna mana kisan ba, da me za a ɗaure mutumin nan?

Ku kalli Columbo ku more, wasa ne mai kyau. In ma koyi za a yi da shi, a koyi haƙurinsa: ba ya duka, ba ya tara jama'a, kuma ba ya kama mutum sai ya gama tambaya. Zato dai zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.