Dangin tumatir na daji: maganin cutar lambunmu daga duwatsun Peru

A ranin da ya wuce na je Kolokondé, a yankin Djougou, gaishe da kawuna. Na same shi tsaye a lambunsa na bakin rafi, ya zuba wa tumatir ido. Ganyen ya nannaɗe, ya yi rawaya, fure kuma sai zubewa yake.

"Kawu, ko taki ne ya yi kaɗan?" na tambaye shi.

Ya ce, "Ɗana, taki na zuba, feshi na yi har sau uku. Kuɗin iri ma bashi ne."

Da na koma Parakou, na nuna wa wani abokina da ya karanci aikin gona hotunan. Ya ce alamun cutar nannaɗewar ganye ce, wadda farin ƙuda ke yaɗawa. Feshi yana rage ƙudan, amma shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa. Mafita, in ji shi, tana cikin iri.

Asalin tumatir Kudancin Amurka ne. A ƙasashen Peru, Ekwado da Chile har yau akwai danginsa na daji kusan iri 12, masu ƙananan 'ya'ya, wasu ko nuna ba sa yin ja. Sun daɗe suna fama da fari da ƙwari ba mai ban ruwa, shi ya sa suke da juriyar da tumatir na gida ya rasa. Wani masani Ba'amurke, Charles Rick na Jami'ar California a Davis, ya shafe shekaru yana tattaro su, kuma rumbun irin da ke can yana ɗauke da sunansa.

Masana suna ɗaukar garin furen na daji su aura wa na gida, su yi ta zaɓe shekara da shekaru. Ta haka aka samo Ty-1 daga Solanum chilense, mai jure cutar da ta kama lambun kawu. Daga Solanum peruvianum kuma aka samo Mi, mai kare saiwa daga tsutsotsin da ke sa ta kullutu, sai dai ƙarfinsa na raguwa idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, abin da ya shafe mu sosai. A 2012 aka kammala karanta ƙwayoyin halittar tumatir, wanda ya sa zaɓen ya ƙara sauri.

'Yan uwanmu na Kano da Kaduna ba za su manta 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira Sharon, ta cinye gonaki har masana'antar Dangote ta Kadawa ta tsaya. Yanzu ana binciken Solanum habrochaites, mai gashi a ganye da warin da ke korar ƙwari. Nan gida kuwa, INRAB da World Vegetable Center suna gwajin irin kayan lambu.

Na kira kawu na faɗa masa abu biyu. Kafin ya sayi iri, ya duba fakitin ko an rubuta TYLCV, alamar juriya ga cutar. Idan kuma an rubuta F1, iri mai aure ne, kada ya ajiye 'ya'yansa don baɗi, domin ba za su fito daidai da uwarsu ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, tsohon irinmu fa?"

Na ce ya adana shi, ya shuka kunya biyu a gefe, mu gwada mu gani.