Saƙon Ƙara wa Waya Sauri: Ingantacce da Ƙirƙirarre

Akwai wani saƙo da ya cika zaurukan WhatsApp na dangi da na abokan sana'a a 'yan kwanakin nan, mai ɗauke da nasihohi shida waɗanda aka ce in mutum ya bi su wayarsa za ta koma gudu kamar ranar da aka fito da ita daga kwali, sa'an nan aka rufe shi da roƙon a tura wa jama'a domin neman lada. Ba a faɗi wanda ya rubuta shi ba, sai dai an jingina shi ga “wani injiniya”, alhali kuwa mu mutane ne da malamanmu suka hore mu da tambayar isnadi kafin karɓar ruwaya. Da yake dattawa masu mutunci suna ta tura shi da kyakkyawar niyya, ya wajaba a zauna a tsefe shi, domin wanda ya tsara shi ya cakuɗa gaskiya da ƙarya ne da gangan, don gaskiyar ta yi wa ƙaryar jagora zuwa cikin gidajen mutane.

Nasiha ta farko ta inganta: lalle waya takan yi nauyi idan ma'ajiyarta ta cika maƙil, kuma abin da ya fi cika ta a wurinmu shi ne bidiyon biki da hotunan barka da Juma'a waɗanda WhatsApp ke saukewa da kansa, saboda haka maganin shi ne a hana shi saukewa sai da izini, a goge abin da ba a bukata. Ta biyu ma, wato a riƙa kashe waya ana kunnawa lokaci-lokaci, ba ta da illa, takan kuma warware manhajar da ta maƙale. Ta uku, cewa a riƙa rufe dukan manhajoji da zarar an gama da su, kuskure ne da bayaninsa ke tafe. Ta huɗu kuwa, cewa akwai lambobin da ake dannawa su ninka RAM, tatsuniya ce, gama RAM ƙarfe ne da aka liƙa a jikin allon da ke cikin waya tun a masana'anta, abin da wasu wayoyin Tecno da Infinix da Samsung ke kira ƙarin RAM kuwa aro ne daga ma'ajiya, wadda ba ta kai shi sauri ba.

Ta biyar ta ce kada a yarda a sabunta waya, wai kamfanoni suna rage mata sauri ta wannan hanya don a sayi sabuwa. Wannan shubuha tana da asali, kuma adalci ne a faɗe shi. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage ƙarfin wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji, da hujjar hana su mutuwa ba zato. A 2018 hukumomin Italiya suka ci tarar Apple yuro miliyan 10 da Samsung yuro miliyan 5 a kan sabuntawar da ta nauyaya wa tsofaffin wayoyi. A 2020 kuma Faransa ta ci tarar Apple yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Amma wanda ya yi ƙiyasi da wannan ya haramta wa kansa sabuntawa baki ɗaya ya yi hasara, domin da yawan abin da ake aikowa toshe ƙofofin da ɓarayi suka gano ne, kuma wayar da ake ajiyar kuɗi a cikinta ita ce mafi bukatar a toshe mata su.

To, duk waɗannan biyar ɗin shimfiɗa ce kawai ga ta shida, wadda ita ce maƙasudin saƙon, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami: an ce a danna wani adireshi mai shuɗin rubutu a sauke wata manhaja mai share waya da ƙara mata sauri, a kuma amsa mata da “na yarda” a duk abin da ta tambaya.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne irin wannan manhaja ba ta da aikin da take da'awar yi. Tsarin Android yana barin manhajojin da aka saba buɗewa a cikin RAM ne da gangan, kamar yadda mai tebur a kasuwa yake baza hajar da aka fi nema a gabansa, ba ya mayar da ita sito bayan kowane ciniki. Idan wuri ya ƙure, tsarin da kansa yake kawar da wadda aka daɗe ba a taɓa ba. Wanda ya kore su da ƙarfi, da yatsansa ko da manhaja, ya tilasta wa wayar ta sake ɗauko su daga farko, sai lokaci ya tafi, batir ma ya tafi. Tun daga Android 14, wanda ya fito a 2023, Google ya ma hana wata manhaja kashe ayyukan wata a bayan fage. Saboda haka rokar nan da ke tashi a fuskar waya, da jan rubutun da ke shelar cewa wayarka ta yi zafi ko tana cikin hatsari, da tsintsiyar da ke shara ta ce an ƙara sauri kaza bisa ɗari, galibinsu zane ne da aka shirya don a kwantar wa mutum da hankali kafin a nuna masa talla.

Na taɓa riƙe wayar wani dattijo mai sayar da hatsi wadda ke da irin waɗannan manhajoji har uku, kowace tana zargin 'yar uwarta da cinye wuri, talla na faɗowa a kan lambar da yake ƙoƙarin kira, datar da ya saya ta mako kuma ba ta kai ko'ina ba. Da aka cire su duka aka rage bidiyo, wayar ta sami sa'ida. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ba ka manhaja kyauta, ya kuma biya kuɗin tallata ta, yana da inda yake mayar da kuɗinsa. A watan Fabrairu na 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ke kutse wa mutane, cikinsu har da na kamfanin Cheetah Mobile, mai Clean Master da ta shahara a hannun jama'a.

Talla dai ita ce ƙaramar musiba. A watan Fabrairu na 2022 masu bincike na kamfanin ThreatFabric na ƙasar Holan suka bankaɗo wata manhaja mai suna Fast Cleaner, wadda aka sauke daga Play Store fiye da sau 50,000, tana shigo da wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Xenomorph, mai farautar abokan hulɗar bankuna 56 na Turai, har Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ja kunnen jama'a a kanta. Dabararta ita ce ta nemi izinin nan da aka tanada don taimaka wa makafi da masu rauni wajen sarrafa waya, wanda ke ba manhaja ikon ganin abin da ke kan fuskar waya da danna abin da ta ga dama. Da ta samu, sai ta shimfiɗa shafin bogi a kan na banki, mutum ya rubuta lambar sirrinsa da hannunsa, ta kuma tare saƙon da banki ke aikowa da lambar tabbatarwa. Idan wannan ya iya faruwa a cikin Play Store, inda ake tantancewa, ina ga abin da aka sauke daga adireshin da ba a san mai shi ba? Ba a cewa kowace manhajar shara ɓarauniya ce, domin hukunci ba ya tabbata sai da hujja. Amma yaƙini ne cewa manhajar shara ba ta da bukatar karanta saƙonninka, kuma duk wadda ta nemi haka ta bayyana nufinta.

Waɗanda suka gaskata saƙon suna da uzuri, gama mutumin da wayarsa ke da RAM gigabayit 2, manhajoji kullum suna ƙara girma, farashin sabuwa ya fi ƙarfinsa, cinikinsa kuma ya rataya a kanta, ba abin zargi ba ne don ya nemi sauƙi. Sauƙin halal kuwa yana nan: ya cire manhajojin da ba ya amfani da su, ya koma ga marasa nauyi irin su Facebook Lite, ya yi shara da abin da ke cikin saitin wayar ko da manhajar Files ta Google, in batir ya gaji ya kai wa amintaccen mai gyara. Wanda ya riga ya sauke abin da saƙon ya ce, ya janye mata izini ya cire ta, ya canza lambobin sirrinsa ta wata wayar dabam, ya sanar da bankinsa in ya ga motsin da bai gane ba, in ta ƙi fita kuwa ya kwashe muhimman abubuwansa a wanke wayar baki ɗaya.

Amma wanda ke tura duk abin da ya faɗo masa ba tare da ya karanta zuwa ƙarshe ba, ya sani cewa mutane sun danna ne saboda sun ga sunansa a kai, kuma amanar da suka ba shi ce aka yi amfani da ita a kansu. Lada ba ya samuwa ta hanyar jefa jarin ɗan uwa cikin hatsari. Wajibi ne a kansa ya koma kowane zaure da ya tura saƙon, ya faɗa a sarari cewa kada a danna adireshin, ya kuma kira tsofaffin gidansu ɗaya bayan ɗaya ya duba wayoyinsu, domin su ne waɗanda ba za su tambaya ba sai bayan kuɗin ya fita.