Bazara a Ƙasar Rake: Yadda Za Mu Kare Juna Daga Zafi

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Gazara ko Makarfi ko Hunkuyi ya san alamunta ba sai ya duba kalanda ba. Hazo ya ɗaga, mangwaro ya fara nuna, igiyar guga ta ƙara tsawo, tabarmi sun fito tsakar gida da dare. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin damina ta kankama, zafin rana a ƙasar Zazzau kan haura digiri 35 kusan kullum, wasu ranakun ya taɓa 40. Kuma a daidai wannan lokacin ne yankinmu yake cike da baƙi: 'yan ci-rani, 'yan ƙwadagon tsinkar tumatir a fadamun Kudan da Ikara, masu dafa mazarƙwaila da ke ƙarasa raken bana, direbobi da 'yan lodi da ke kwana a tasha. Wani a bukka yake kwana, wani a zaure, wani a ƙarƙashin mota. Ruwanmu ɗaya da su, inuwarmu ɗaya. Saboda haka yadda muke zama da juna a waɗannan watanni yana da hannu dumu-dumu a kan wanda zai ga damina lafiya.

Daga ina zafin yake?

Abubuwa biyu ne suke haɗuwa. Na farko, wajen 20 ga Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar kanmu da tsakar rana. Wanda ya fita a lokacin zai ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ƙasa ta bushe, gonaki fayau, babu gajimaren da zai tare hasken. Na biyu, iskar hunturu mai bushewa tana ja da baya, iska mai laima daga tekun Atilantika tana kunno kai daga kudu, amma ruwan bai sauka ba tukuna. Wannan laimar ita ke kawo gumin da muke kuka da shi da dare.

Don mu fahimci illar laimar, mu dubi randar ƙasa. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafin. Haka jikin ɗan Adam yake yi da zufa don ya tsaya a kan digiri 37. Idan iska ta cika da laima, zufa ba ta bushewa da wuri, sai ta yi ta tsiyaya a banza. Idan kuma ruwan jiki ya yi ƙasa, zufar ma sai ta gaza. Randar da babu ruwa a cikinta ba ta sanyaya komai.

Akwai matakai biyu da ya kamata kowa ya iya bambancewa. Na farko shi ne galabaitar zafi: zufa mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, da fitsari kaɗan mai duhu kamar shayi. Mai wannan yana cikin hayyacinsa, kuma inuwa da ruwa da hutu sukan dawo da shi. Na biyu shi ne bugun zafi, wato lokacin da zafin jiki ya kai digiri 40 ko ya wuce, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa babu dalili, ko ya faɗi sumamme. Wannan yana kisa cikin 'yan sa'o'i.

A nan ne rashin sani yake yi mana ɓarna. Ɗan lodi ya wuni yana ɗora kwandunan tumatir a mota, bayan Azahar sai a ga ya zauna yana surutan da ba su da kai. Nan take jama'a ta yanyame shi. Wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ya ce zazzaɓi ne a kawo farasitamol. Kowa alheri yake nufi, amma taron ya toshe masa iska, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Abin da yake bukata shi ne a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, don zai iya shaƙe shi. Ana sanyaya shi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Addu'a ba ta hana zuba ruwa, ana iya haɗa su a lokaci ɗaya.

Me ya sa abin ya shafe mu duka?

Mukan ce ai mun saba da rana. Gaskiya ne jiki yana sabawa, amma sabo yana da iyaka. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a cikin azumi, kuma asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. A aikin Hajjin shekarar, fiye da mahajjata 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda zafi. Yawancin waɗannan mutanen ƙasashen rana ne kamarmu.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta nuna kanta a rana ɗaya. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado, inda ake noman rake kamar nan, an daɗe ana ganin matasa masu saran rake suna kamuwa da ciwon ƙoda. Masu bincike sun danganta abin da aiki mai nauyi a cikin zafi tare da ƙarancin ruwan jiki, kullum-kullum, shekara da shekaru. Matakin da aka ɗauka a wasu gonakin can bai fi ƙarfinmu ba: ruwa a kusa, hutu a kan ƙa'ida, da rumfa mai inuwa a bakin aiki. Wanda ke tsaye gaban kaskon mazarƙwaila, wuta a gabansa rana a bayansa, ya fi kowa bukatar waɗannan ukun.

Sai kuma sanƙarau. Zafi shi kaɗai ba ya kawo shi. Ƙwayar cuta ce da ke zama a hanci da maƙogwaro, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da numfashi a kusa da juna. Ƙura da busasshiyar iskar rani suna raunana cikin hanci, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya ƙarasa aikin. Arewacin Nijeriya yana cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, daga Senegal har Habasha. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. An fara allurar rigakafin nau'in A na cutar a Nijeriya a 2011, ya ja baya sosai, sai ga nau'in C ya ɓarke daga Zamfara a ƙarshen 2016 zuwa 2017, ya ci rayuka fiye da 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i 5 a lokaci ɗaya. Alamun cutar su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai da ƙin haske. A jariri kuwa maɗiga kan kumbura. Tana iya kisa a kwana ɗaya, don haka babu batun a jira gari ya waye.

Idan muka lura, waɗanda zafi ya fi kayarwa su ne waɗanda ba su iya cewa komai, ko babu mai tambayarsu: jariri, tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ita kaɗai, mai juna biyu, mai ciwon sukari ko hawan jini, almajiri, da baƙon da bai san kowa a gari ba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Baƙo kuma kunya takan hana shi roƙon ruwa sau biyu a gida ɗaya.

Ladabin ruwa, inuwa da wuta

A bakin famfon burtsatse ake gane halin unguwa. Tun kafin Asuba jarkoki sun yi layi, kowace tana riƙe wa mai ita wuri. Rana na ɗagawa, haƙuri na raguwa. Ɗan garuwa ya zo da kura mai jarka fiye da goma, yarinya ta zo da bokiti ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, amma ana iya rage saɓanin da 'yan ƙa'idoji da mai unguwa da jama'a za su amince da su: mai bokiti ɗaya na sha ya wuce gaba, masu kura su sami nasu lokacin, a daina wanki da shayar da dabbobi a gindin famfo, kuma a riƙa tara ɗan kuɗin gyara tun famfon yana aiki. Idan ya lalace a tsakiyar Afrilu, jama'a sai su koma kududdufi da rijiyoyin da suka kusa ƙafewa, daga nan amai da gudawa suke samun ƙofa.

Randar ƙofar gida, wadda iyayenmu suke ajiyewa don masu wucewa, tsohuwar al'ada ce da ta cancanci a raya ta. Sai dai a rufe ta, a ware moɗar ɗiba daban da kofin sha, ko a yi amfani da bokiti mai famfo. Ga wanda zufa ko gudawa ta zuƙe, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, duk a shafe ba a toza ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba shi.

Inuwa ma hakkin jama'a ce. Darbejiyar da ke bakin masallaci ko kasuwa ta ɗauki shekaru kafin ta zama abin da ta zama, kuma mai gatari zai gama da ita kafin La'asar. Kada mu mamaye gindin bishiya da babura da kaya alhali tsofaffi da masu talla suna rana. Mai gona da mai lodin mota su tsara aiki mai nauyi daga bayan Asuba zuwa hantsi, a dawo bayan La'asar. Idan azumi ya faɗo a bazara, wannan tsarin ya zama tilas, kuma malamanmu sun sha bayyana rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Da dare, ɗakin kwano yakan riƙe zafin yini har tsakar dare. A buɗe tagogi, a rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya, musamman a tsangayu da ɗakunan 'yan ci-rani. Wanda zai kwana a waje ya kafa gidan sauro, ya riƙe tocila, ya kakkaɓe takalmi da safe, domin zafi yana fito da kunama da maciji, kuma danshin fadama yana jawo su. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Wuta kuwa, a bazara komai makamashinta ne: danga, zana, karan dawa, harawar da ke kan rufi, ɓawon raken da aka matse. A kashe garwashi da ruwa bayan girki, kada a bar wa iska. Fetur ɗin injin ban-ruwa da na babur a ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da wurin kwana. Janareta a waje yake zama, nesa da tagarka da ta maƙwabcinka, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mutane a cikin barci. Motar da aka ajiye a ƙofar gida a kulle ta, kada yara masu wasan ɓuya su shige su kasa fita. Haka nan a sa ido a kan yaran da zafi ke kora wanka a dam da ramukan fadama.

Rabon kowa

Mai unguwa da dagaci su san inda baƙi suka sauka da adadinsu, su nuna musu famfo da asibiti mafi kusa. Limami ya ɗauki minti biyu bayan salla ya faɗi alamun bugun zafi da na sanƙarau. Sarkin tasha da sarkin kasuwa su tabbatar da akwai rumfa da ruwa. Mai gona ya sa ruwan 'yan ƙwadago a lissafinsa kamar yadda yake sa taki. Iyaye da alarammomi su fito da yara idan ma'aikatan lafiya sun zo rigakafi. Masu rediyo da waya su riƙa isar da gargaɗin zafi da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa.

Sauranmu kuma, akwai aikin da ba ya bukatar ko kwabo. Kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya a wajen gidan, tsoho ko marar lafiya ko baƙo, wanda za a leƙa kullum tsakanin Azahar da La'asar. A yi sallama, a shiga, a ce: "Inna, sannu da zafi. Kin sha ruwa kuwa?" Za ta ce ta sha, domin haka tsofaffi suke cewa. Sai a duba randarta, a taɓa goshinta, a zauna har ta shanye kofi ɗaya a gabanka. Ga baƙon da ke raɓe a jikin katanga kuma, kalma huɗu sun isa: "Malam, bismilla, shigo zaure." A yi haka kullum, har ranar da hadari zai haɗo daga gabas, ƙasa ta yi ƙamshi, a fara neman iri.