Kumburin Jiki a Hawainiyar Keji: Tsakanin Rashi da Wuce Gona da Iri

Tun daga shekarun 1990 kiwon hawainiya a cikin gida ya bunƙasa a Amurka da Turai, kuma jinsi uku ne suka mamaye wannan kasuwa: hawainiyar Yaman mai dogon tozo a ka, da hawainiyar arewacin Madagaska mai launuka masu ƙyalli, da kuma hawainiyar Jackson mai ƙaho uku, wadda asalinta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ne. Bunƙasar kiwon ta zo da wata larura da likitocin dabbobi suke yawan cin karo da ita, wato kumburi, musamman irin wanda ruwa yake taruwa a ƙarƙashin fatar maƙogwaro da ƙirji har ya yi luhu-luhu. Wannan kumburi alama ce kawai, domin cututtuka da dama da ba su da dangantaka da juna suna iya haifar da shi, amma mafi yawansu suna komawa ne ga yadda keji ya kasa maye gurbin daji.

A farkon zamanin kiwon, babbar matsalar ita ce laushin ƙashi. Hawainiya tana ƙera bitamin D3 a fatarta ne idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta, kuma wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. Idan babu bitamin ɗin hanji ba ya tsotsar kalsiyam, ga shi kuma gyaren da ake ciyar da ita ya fi yawan fosforas a kan kalsiyam. Sakamakon haka ƙasusuwa suna lanƙwashewa, su karye, ƙafafu da muƙamuƙi su kumbura. Masu kiwo suka koma barbaɗa garin bitamin a jikin ƙwari kafin su miƙa wa dabbar, wanda ya rage wancan ciwo, sai dai ya buɗe ƙofar wani, domin bitamin A da D3 suna narkewa ne a cikin kitse, jiki yana taskance su, ba ya fitar da rararsu da sauƙi. Yawan D3 yana sa kalsiyam ya daskare a cikin ƙoda da jijiyoyin jini, ƙodar da ta lalace kuwa ba ta iya daidaita ruwan jiki, sai ya kwanta a wuya. Hawainiyoyin tsaunuka, irin su ta Jackson, su ne suka fi saurin nuna wannan alama ko da garin da aka ba su bai taka kara ya karya ba.

Binciken da Gary Ferguson da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 kan hawainiyar Madagaska ya haska tushen matsalar, domin ya nuna cewa dabbar tana ƙara shan hasken UVB idan D3 ya yi ƙaranci a abincinta, tana kuma ragewa idan ya wadata. Ke nan a ƙarƙashin haske ita ce mai awo, amma da zarar an zuba mata bitamin ta baki, awon ya fita daga hannunta ya koma hannun mai kiwo, wanda sau da yawa yake auna lafiyar dabbarsa da yawan abin da ya ba ta. Shi ma bitamin A ya sha irin wannan kai-komo, tunda tsoron yawansa ya sa wasu suka daina bayar da shi gaba ɗaya, sai kumburin ido da cututtukan numfashi da rashinsa ke jawowa suka biyo baya.

Ƙarancin ruwa shi ne sanadi na biyu, kuma ya fi ɓoyuwa. Hawainiya ba kasafai take shan ruwan kwano ba, ɗigon raɓa da na ruwan sama take lasa a kan ganye, saboda haka tana iya daɗewa cikin ƙishirwa alhali ga ruwa a gabanta. Jikinta yana fitar da dattin furotin ne a matsayin sinadarin yurik asid, wanda idan ruwa ya yi ƙaranci, ko aka ciyar da gyare da kyankyasan da take ci abincin karnuka mai yawan furotin, yake taruwa ya daskare a gaɓoɓi, ya kumbura su da zafi mai tsanani.

Akwai kumburin da ya tsaya wuri guda, kamar ƙurjin gefen baki da ya yi suna a hawainiyar Jackson, ko tsutsotsin ƙarƙashin fata da ake samu a waɗanda aka kamo daga daji, irin waɗanda aka riƙa fitarwa daga ƙasashe kamar Togo da Benin da Ghana. Tamata mai ɗauke da ƙwai ma takan kumbura a wuya, sau da yawa kuma ya sace bayan ta yi ƙwan.

Magani yana bin sanadi ne, shi ya sa likita yake fara da tambayar irin fitilar UVB da ke kejin da shekarunta, da irin gari da yawan barbaɗa shi, kafin ya auna kalsiyam da fosforas da yurik asid a jini, ya kuma ɗauki hoton ƙashi. Idan bitamin ne ya yi yawa, dakatar da shi da yawaita fesa ruwa a ganye sukan sa kumburin ya sauka cikin makonni. Ƙurji kuwa sai tiyata, domin mugunyar dabbobi masu jan ciki tana da kauri kamar cuku, ba ta tsiyaya, maganin ƙwayoyin cuta kuma ba ya ratsa ta sosai. Ciwon gaɓoɓi ana sassauta shi da allopurinol da ƙarin ruwa, amma ƙodar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take, kuma da yake hawainiya tana ɓoye rauninta don gudun masu farautarta, yawancinsu ba sa isa gaban likita sai ɓarnar ta yi nisa.