Manhajar da ba ta aiki a Horo Birni ba ta gama ginuwa ba

A yau kusan duk wata hulɗa da talaka zai yi da gwamnati ko banki sai ta bi ta wani rumbun adana bayanai da ke can nesa da shi. Mutumin Horo Birni, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, da ya miƙa katinsa ga mai POS bayan ya sayar da buhun gero, da matar da ta je rajistar lambar NIN, da ɗalibin da ya tafi Sakkwato cike fom ɗin JAMB, duk abu ɗaya suke jira, wato na'urar da ke gabansu ta samu magana da wata kwamfuta a Legas ko Abuja ko ma Turai. Idan maganar ta yanke, sai a ce musu "babu sabis, a dawo gobe". An saba ɗora laifin a kan kamfanonin waya, kuma suna da nasu kason. Amma babban kaso yana kan yadda aka gina manhajar tun farko. Mafi yawan masu ginin suna ɗauka cewa sabis yana nan kullum, yankewarsa kuwa tsautsayi ne. A garuruwan da ke tsakanin Bodinga da Shagari, da dubban irinsu, yankewar sabis abin yau da kullum ne, don haka da ita ya kamata a fara lissafi.

Manhajar da ke cikin waya ko kwamfutar ofis ko shafin intanet ba ita ke riƙe da bayanan ba. Ainihin lissafin asusunka yana cikin rumbun da ke kan uwar garken banki. Gini mai kyau ba ya barin manhaja ta shiga rumbun kai tsaye, domin hakan na nufin an saka kalmar sirrin rumbun a cikin kowace waya, kuma duk ɓarawon da ya iya kwance manhajar ya samu makulli. Sai a sa wata manhaja a tsakani, kamar yaron shago da ke karɓar saƙo a bakin kanta ya shiga sito ya ɗauko, mai saye bai taɓa taka cikin siton ba. Ita ke tantance mai tambaya, ta duba ko yana da izini, ta kai buƙatarsa, ta dawo da amsa. Saƙon yakan tashi daga waya zuwa turken sabis mafi kusa, ya bi wayar faiba ko tsalle daga turke zuwa turke, ya isa cibiyar kamfanin waya. Idan tura kuɗi ne tsakanin bankuna biyu, sai ya ratsa ta NIBSS, wadda ta fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Idan uwar garken tana ƙasar waje, sai ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da ta fara aiki a 2010. Haske a cikin faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka nisa shi kaɗai ba ya jawo dogon jira. Abin da ke jawo shi shi ne yawan gaɓoɓin da ke hanya, kowace na iya sullewa, da kuma manhajar da sai ta yi kai da kawo sau goma kafin ta buɗe shafi ɗaya.

Zaɓen 2023 ya nuna bambancin gini biyu a cikin na'ura ɗaya. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska ba tare da intanet ba, domin tun kafin ranar zaɓe an zuba mata rajistar rumfar da za ta yi aiki. Shi ya sa a rumfar da ko kiran waya ba ya shiga, ana iya tantance mutane daga safe har a tashi. Aika hoton takardar sakamako, wato EC8A, zuwa shafin IReV na hukumar INEC kuwa sai da sabis, sai kuma uwar garke tana cikin hayyacinta. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa na sa'o'i, kuma daga baya hukumar INEC ta ce matsalar daga tsarin uwar garken ne, wanda ya kasa sanin inda zai ajiye sakamakon. Ko mutum ya gamsu da bayanin ko bai gamsu ba, ya ga cewa ɓangaren da aka gina ya tsaya da ƙafarsa ya fi jure wuya, wanda ya rataya ga nesa kuwa shi ya jefa ƙasa cikin zargi. Ma'aikatan lafiya sun daɗe da gane haka. Manhajar waya ta DHIS2, tsarin da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da shi kuma Najeriya ke tara alƙaluman asibitocinta a kai, tana karɓar bayanai ba sabis, ta ajiye, ta tura duk lokacin da ta samu hanya. Haka manhajar ODK da aka yi amfani da ita wajen sa ido kan rigakafin shan inna a Arewa.

Za a ce ai maganin shi ne a gyara sabis, a kafa turaku, a ja faiba har ƙauye. Babu mai ƙin wannan. Sai dai turke ba ya hana abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Turakun suna tsaye, hukuma ce ta kashe su, kuma duk hidimar da ba ta motsi sai da intanet ta tsaya cik. Turke ba ya hana abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka durƙushe har a tsakiyar Legas. Ga matsalar man janareta da hasken rana da turakun karkara ke dogaro da su, ga masu aikin hanya da ke tsinka faiba. Ajiye rumbuna a cikin gida, kamar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023, yana rage tsawon hanya da dogaro da teku, amma ba ya gyara kilomitocin ƙarshe tsakanin turke da hannun mutum.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Idan kowace waya tana riƙe da kwafinta, wane kwafi ne gaskiya? A batun kuɗi wannan ba wasa ba ne, domin da POS za ta biya ba tare da ta tambayi banki ba, mai naira dubu goma zai iya cire su sau uku a shaguna uku. Gaskiya ne, akwai ayyukan da dole sai an ji daga rumbu. Amma ko a nan ginin yana da abin yi. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne alat ya shigo cewa an cire kuɗi, takardar da na'ura ta fitar ta ce ba a biya ba, mai POS ya riƙe kuɗinsa, mai kati ya tsaya da wayarsa a hannu yana nuna wa jama'a shaida. Abin da ya faru shi ne buƙata ta isa banki, amsa ce ta ɓace a hanyar dawowa. Maganinsa sananne ne ga masu wannan sana'a: kowace buƙata a ba ta lamba tata ta musamman, ta yadda ko an sake turawa sau biyar sau ɗaya za a cire, kuma na'ura ta iya tambayar makomar wannan lamba da zarar sabis ya dawo. Babban Bankin Najeriya ya ba da wa'adin sa'o'i 72 na warware irin wannan matsala ta POS tun 2020, amma ga wanda kuɗin cefanensa ne suka maƙale, kwana uku ba kaɗan ba ne, balle idan sai ya biya kuɗin mota zuwa reshen banki. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 an ga yadda wannan rauni ya zama azabar ƙasa baki ɗaya. Sauran ayyuka kuwa, irin su rajistar haihuwa, rigakafi, sunayen manoman da za a ba taki, da halartar ɗalibai, ba su da haɗarin biya sau biyu. Ƙa'ida mai sauƙi ta wadatar: a rubuta lokaci da sunan wanda ya shigar da kowane gyara, inda biyu suka ci karo a miƙa wa jami'i ya raba.

Saura batun tsaro. Wayar ma'aikaci na iya ɓata ko a sace ta da sunayen mutane a ciki. Wannan dalili ne na yin taka-tsantsan, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a kan duk mai tara bayanan jama'a. Hanyar ita ce a zuba wa waya bayanan mazaɓarta kaɗai, a kulle su da lambobin sirri, a share abin da aka riga aka tura, a kuma iya soke izinin wayar daga nesa. Haɗarin waya ɗaya mai ɗauke da sunayen unguwa ɗaya bai kai na rumbun da aka bar ƙofarsa a buɗe ga duk intanet ba.

Gini irin wannan ya fi tsada, ya fi cin lokaci, shi ya sa 'yan kwangila ke guje masa idan ba a tilasta su ba. Amma tsadar da aka guje wa ba ta ɓacewa, tana komawa kan mai hawa babur zuwa Shagari ko Bodinga neman sabis, da ma'aikaciyar asibitin da za ta rubuta a takarda da rana ta sake bugawa a waya da dare. Ma'aikatun jihar Sakkwato da hukumomin tarayya da ke sayen manhajoji suna da ikon sauya wannan da sharaɗi uku a takardar kwangila: manhaja ta karɓi aiki ba sabis, ta tura da kanta ba tare da maimaita ko ɓatar da komai ba, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada ta a mazaɓa irin Horo Birni, da ƙaramar waya, a hannun ma'aikacin da zai yi aiki da ita.