Gidan 'Yan Kwana-Kwana

Wuta abar amfani ce, amma in ta ƙwace sai ta zama gobara. Gobara kuwa ta fi yawa da hunturu, sa'ad da ciyawa da kara da zana suka bushe, iska kuma tana kaɗawa. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar birnin Katsina, ta cinye rumfuna masu yawa da dukiyar 'yan kasuwa. Domin gudun irin wannan hasara ne hukuma takan ɗauki ma'aikatan kashe gobara, watau 'yan kwana-kwana, ta gina musu gida.

Dutsin-Ma gari ne mai bunƙasa. Akwai kasuwa, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. In gari ya yi girma haka, unguwanni sukan yi nisa da juna. To, idan za a gina wa irin wannan gari sabon gidan 'yan kwana-kwana, kafin a haƙa harsashi sai mai zayyanar gini ya zana shi a takarda. Abu guda ne a ransa: kada a ɓata lokaci, domin wutar da guga ɗaya zai kashe yanzu, an jima kaɗan mota guda ba ta isarta.

Da farko sai ya zaɓi wuri. Ba a kai gidan bayan gari, ba a kuwa cusa shi cikin lungu. Akan nemi fili a bakin babban titi, inda mota za ta isa kasuwa da makarantu da asibiti da sauri. Amma ba a manna shi da ƙofar kasuwa, don ran kasuwa motoci da amalanke sukan toshe hanya. A Dutsin-Ma ya kamata a tuna da hanyar Katsina, wadda ta bi ta Kurfi, domin in maƙwabta sun nemi gudummawa a kai musu.

Na biyu ruwa. Motar kwana-kwana tana da tanki, amma in aka buɗe mesa, cikin 'yan mintoci sai ya ƙare. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, tana ƙasar Dutsin-Ma, amma mota ba ta iya zuwa can ɗibar ruwa alhali gida yana ci. Saboda haka akan haƙa rijiyar burtsatse a gidan, a ɗora babban tanki a bisa, kullum a cike. Akan kuma keɓe ɗakin ajiye ruwan kumfa da yashi, gama ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya watsa ta.

Na uku fasalin gidan. Rumfar motoci takan sami ƙofa mai faɗi da tsawo, tana duban titi. Akan ajiye mota gabanta na fuskantar waje, don kada direba ya tsaya juyawa. Ɗakin kwanan ma'aikata yana jikin rumfar, huluna da riguna da takalma kuwa suna rataye kusa da mota. Akwai ɗakin mai tsaro, wanda ke zaune dare da rana gaban waya. Da an kira, sai ya buga ƙararrawa, kowa ya zabura. A baya akan bar fili da hasumiya, inda ake shanya mesa, ake kuma koyon hawan tsani.

In aka yi kuskure a zane, gyara yana da wuya bayan an gama gini. Shi ya sa Hausawa ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen gari ma da nasu aikin: su bar hanya in sun ji jiniya, kada kuma su gina rumfa a tsakiyar titi.

Tambayoyi

1. Don me gobara ta fi yawa da hunturu?
2. Me ya sa ba a gina gidan 'yan kwana-kwana a ƙofar kasuwa?
3. Da me ake kashe wutar fetur?
4. Mene ne amfanin hasumiya?